Kumfar da Baba Bai Gani Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu cikin daminar bana a gidansa da ke Bagudo, bayan ya daɗe yana jinya. Garin duka Mai Bawul suke kiransa. Mu a gida Baba muke cewa.

Na ga masu ta'aziyya iri-iri. Direbobin tanka sun zo daga Illo, wasu ma sun ƙetaro daga Benin, suka cika tabarmi suna ta yaren Dendi a tsakaninsu, in aka ambaci Baba sai su kaɗa kai su ce, “Wanga mutum ba shi da na biyu.” Wata tsohuwa ta taho daga Bahindi a bayan babur, ta riƙe hannuna tana ba ni labarin ranar da ya shiga gidanta da sandarsa, yana makaho, ya ce a kashe murhu a fita da yara, tukunyar gas na yoyo. Baffa, ƙanen Baba, shi ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya maimaita masa magana ɗaya: “Yayana bai taɓa sa hannu ga aikin banza ba. Da ɗa guda Allah ya jarrabe shi, ya kuma yi haƙuri.” Ɗan da yake nufi maigidana ne.

Inna, uwar maigidana, ba ta yi kuka ba. Da aka fita da gawa ta bi makarar da ido har ta sha kwana, sannan ta juyo ta ce mini, “A kwance awakin can, tun safe ba su sha ruwa ba.” Mata suka dubi juna.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne tsohon mai faci, Kirista mutumin kudu, wanda ya zo Bagudo tun yana saurayi bai koma ba. Ya zauna can gefen zaure, hannuwansa biyu a kan cinya, yatsun a ƙandare kamar busasshen reshe tun gobarar da ta ƙone shi. Mutane suna cewa, “Dole ya yi kuka. Wanda ke ci da shi ya tafi.”

Ni malamar firamare ce, kuma ni na yi jinyar Baba har ƙarshe. Ba na so a manta da shi. Ba na kuma so a tuna da wani mutum dabam a laƙaba masa sunansa. Shi ya sa na zauna rubutu.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a wani babban kamfanin mai can nesa da gida. Aikinsa gwada bawuloli, wato makullan bututu irin kan famfo amma manya, masu kai kamar sitiyarin mota. A wuyan kowane bawul akwai wata baƙar igiya mai maiƙo da ake naɗawa a matse, su suna ce mata fakin. Ita ke hana mai ko iska fita ta inda sandar bawul ke juyawa. In yana cikin nishaɗi yakan ba da labarin ɗakin gwajin: a ɗaure bawul a cika shi da iska, a gasa shi, a bar shi ya huce, a buɗe a rufe har hannu ya mutu, sannan a kawo wata na'ura mai dogon hanci ta shinshina wuyan. Ya ce akwai iyakar abin da doka ta yarda ya fita, in bai wuce ta ba sai a sa hannu.

“Doka ta yarda bawul ya yi ɗan numfashi,” in ji shi. “Ni ban yarda ba.”

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ya ajiye aiki ya dawo, yana cewa sabuwar jiha za ta nemi irinsu. Ya yi ta zarya Birnin Kebbi, ba wanda ya neme shi. Sai ya kafa rumfa a bakin hanyar Illo. Lokacin gidajen mai sun fara tsirowa a hanyar kamar ciyawar damina, saboda masu ƙetarar da mai zuwa Benin. Ba shi da na'ura mai hanci. Abin da yake da shi famfon iska ne, da agogo mai allura, da kwanon ruwan sabulu, da gashin zakara guda da yake shafa ruwan da shi a wuyan bawul. In kumfa ta taso, akwai yoyo. In ba ta taso ba, ya sake shafawa.

An san shi da rashin karɓar roƙo. Wani direba ya taɓa kawo masa rago don ya bar shi ya wuce, sai ya dawo a gyara. Baba ya sa aka ɗaure ragon a gindin tankar, ya miƙa wa direban ashana. “Ƙyasta. In ragon bai gasu ba, na sa maka hannu.” Har yau ana ba da labarin a tasha ana dariya.

A gida ba a dariya. In miya ba ta yi masa ba, ba ya magana, sai ya kife kwanon a ƙasa a gaban Inna ya tashi. Ban taɓa jin ya kira maigidana da sunansa ba, sai dai “kai wanga.” Maigidana ya bi shi aiki tun da ya gama sakandare, ya iya komai, direbobi ma sun san ya iya, amma yana da mata da 'ya Baba ke jifansa da sifana in ya miƙo wadda ba ita aka nema ba. Wata rana na ga jini a goshinsa na tambaye shi, ya ce ƙarfen tanka ne. Inna da ke tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ƙarfen tankar nan ni ma ya san ni.”

Amma zan faɗi alherinsa, don hakki ne. Da aka kawo ni gidan, Baffa ya tsaya kai da fata sai na bar koyarwa, wai matan gidansu ba su fita. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Ita kaɗai ce cikin gidan nan ke aiki da kanta. Ku bar ta.” Ba a sake tayar da maganar ba. Ranar da zazzaɓi ya sa 'yata ta sanƙare, maigidana ba ya nan, Baba ne ya fizge ta daga hannuna ya saɓa ta a kafaɗa ya ruga asibiti ba takalmi, tsoho da furfura, mutane na ba shi hanya. Ya zauna bakin gadon bai je rumfa ba sai da ta buɗe ido ta nemi ruwa. Wannan ma shi ne.

Ni na fara lura da idanunsa. Na kai masa shayi, ya miƙa hannu ya kama iska a gefen kofin. Wata rana ya gai da buhun gero da aka jingine a zaure. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, a hankali. Maigidana ya lallaɓa ya ce masa akwai asibitin ido a Birnin Kebbi. Baba ya ce, “Kana son a ce Mai Bawul ba ya gani, a kawo maka aikin kai? Ka jira in mutu.” A waje ba wanda ya sani. Ya san hanyar rumfa da ƙafa, ya san sifana da hannu, ya san mutane da murya.

Ranar gobarar ina aji. Yara suka ruga taga, na bi su, muka ga baƙin hayaƙi ya miƙe ta wajen hanyar Illo. Abin da ya faru kafin hayaƙin, daga baya na ji shi daga bakin maigidana.

Akwai wani gidan mai da ke da babban tanki a sama, kusa da rumfar mai faci. An kwashe tankin aka kira Baba ya sake fakin na babban bawul. Tanka cike da mai tana tsaye tana jira, direban na ta duba rana. Baba da hannunsa ya naɗa igiyar, ya ɗaure, aka buga iska, ya shafa ruwan sabulu da gashin zakara. Ya sunkuya ya duba, ya miƙe ya ce, “Lafiya lau. A juye.”

Maigidana yana durƙushe a ɗaya gefen. Ya ce a hankali, “Baba, akwai kumfa.”

“Mi ka ce?”

“Ƙanana ne, ta ƙasan nan. Bari in ƙara ɗaurewa mu sake gwadawa.”

Direban ya yi dariya ya ce, “Mai Bawul, ashe yaron ya fi ka ido.”

Baba ya ɗauke maigidana da mari, har hularsa ta faɗa cikin kwanon sabulu. “Ni za ka koya ma bawul? Ina wanga aiki uwarka ba ta san za ta haife ka ba. Kwashe kaya.”

Maigidana ya kwashe kaya. Aka juye mai, tankar ta tafi. Man ya yi ta tsiyaya ta wuyan bawul, ya bi wata 'yar kwata da ruwan wanki ke bi, ya gangara har bayan rumfar mai faci, inda yake kunna wuta a ƙarfe don gasa facin tayu. Bayan azahar wuta ta kama. Ta bi kwatar ta koma tankin. Gidan mai ya ƙone, rumfuna suka ƙone. Mai faci ya fita da ransa, hannuwansa da gefen fuskarsa sun ƙone. Wata Bafulatana mai tallan nono da ta zauna inuwar rumfarsa tana hutawa ba ta fita ba.

Jami'ai suka zo daga Birnin Kebbi, aka tara mutane. Direban da ya ga marin ya ƙetare iyaka da tankarsa, ba a sake ganinsa ba. Mai gidan man ba ya wurin da safe. Mai faci yana asibiti bai san inda kansa yake ba. Aka tambayi Baba wa ya yi aikin. Ina tsaye daga baya cikin mata, goye da ɗana, na ji shi da kunnena.

“Ni na aike shi,” in ji Baba. Muryarsa ko rawa ba ta yi. “Na ce ya sake fakin ya gwada. Ya dawo ya ce mini lafiya. Laifina guda, na yarda da ɗana.”

Mutane suka yi ta salati, suna tausaya masa. Aka juya ga maigidana aka ce haka ne? Ya dubi ubansa. Uban yana kallon gabansa, inda ba ya ganin komai. Maigidana ya ce, “Haka ne.”

Aka ɗaure shi. A ziyarata ta farko gidan yari ya faɗa mini komai, da ƙaramar murya, yana wasa da yatsun jaririnmu ta tsakanin ƙarfe. Na ce zan je in tsaya gaban kowa in faɗa. Ya ce, “In kika faɗa, shi za a kawo nan. Makaho ne, tsoho ne, ba zai fita da rai ba. Ki rantse mini ba za ki faɗa ba muddin yana numfashi.” Na ƙi. Ya ce to kada in sake zuwa. Na rantse.

Baba bai je ganinsa ba ko sau ɗaya. Ya daina taɓa sifana, gari ya ce baƙin cikin abin da ɗansa ya yi ne ya kashe masa hannu, daga baya aka ce shi ya makantar da shi. Ya bar su suka faɗa.

Na ɗauka in an sako maigidana Baba zai rungume shi, ko a ɓoye. Ranar da ya dawo, ya rame, ya durƙusa a ƙofar zaure ya gai da ubansa. Zauren cike yake da dattawa. Baba ya juya kai wajen muryar ya ce, “Wane ne?”

“Ni ne, Baba.”

“Ban haifi mai ƙone mutane ba. In ka kwana garin nan, ban yafe maka ba duniya da lahira.”

Inna ta fasa ihu daga cikin gida, shi ne kukan ƙarshe da na gani a idonta. Dattawa suka ba da haƙuri, Baba ya ce magana ta ƙare. Na daɗe ina tunanin dalilinsa. Abin da na gane shi ne ba zai iya zama gida ɗaya da mutumin da ya san gaskiya kuma ya rufa masa asiri ba. Da maigidana ya zage shi, wataƙila da ya bar shi ya zauna.

Maigidana ya bi ta Illo ya shiga Benin, ya zama yaron mota, daga baya direba. Da ya sami ɗaki ya aiko in taho. Na ɗaure kayana, na kama hannun 'yata, na juya neman ɗana. Yana kan cinyar Baba a zaure, Baba na ba shi dabino.

“Ke ki tafi, Allah ya kiyaye hanya,” in ji shi. “Waɗannan na gidan nan ne. Saki hannun yarinyar.”

Na duba Baffa, ya kau da kai. Na koma ciki na kwance kayan.

Haka aurena ya koma na ranar kasuwa. In motarsa ta biyo kusa da iyaka sai ya aiko, in je Illo, mu zauna bayan rumfar wani mai albasa kamar ɓarayi, mu ci soyayyen kifi, ya tambaye ni tsawon yaron, ya auna da hannu a jikinsa. “Ya kawo nan?” In ce ya wuce. Wani lokaci in kwana biyu a ƙetare in ce na je dangi. In na dawo na durƙusa gaisuwa, Baba sai ya ɗaga hanci ya ce, “Kifin Illo.” Ba ya ƙarawa. Amma yara ya hana su taka hanyar. 'Yata sai da ta yi aure ta je ta ga ubanta. Ɗana ya ƙi zuwa.

Ɗana shi ne mutumin da Baba ya so a duniya, so na gaske. Bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Da ya girma ya sake buɗe masa rumfar, ya zauna a kujera yana koya masa da baki, yana shafa aikin da yatsu, yana shinshinawa. Da gas na girki ya shigo gari, su biyu ke zagaya gidaje, saurayin riƙe da kwanon sabulu, tsohon riƙe da kafaɗarsa. Kuma kullum in za a shafa ruwan, ina ji daga tsakar gida, sai ya ce masa, “Duba da kyau. Kada ka yi halin ubanka.” Yaron ya ce, “Allah ya kiyaye, Baba.” Ni ina tuƙa tuwon da za su ci.

Mai faci kuwa, tun yana asibiti Baba ke zuwa kullum, ya zauna ya ba shi abinci a baki. Da aka sallame shi ba shi da sana'a, matarsa ta kwashe yara ta koma kudu. Baba ya sa ake kai masa kwano daga gidanmu safe da yamma, damina da rani, ko ranar da mu kanmu muka kwana da gaya. Daga baya, ranar Lahadi yakan sa ɗana ya kai shi coci a babur ya ɗauko shi. Da la'asar su zauna su biyu a zaure, makaho da marar hannu, suna ta gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gari na nuna su ana cewa ga amana.

Wata rana ni na kai kwanon da kaina. Na ajiye zan fita, ya ce, “Malama, zauna.” Na zauna. Ya ce, “Ranar nan, ina rumfata. Na ga marin. Na ji abin da mijinki ya ce.”

Na ce, “Kuma ba ka faɗa ba?”

“Da na dawo hayyacina an gama shari'a.” Ya ɗaga hannuwansa ya nuna mini. “Kuma in na faɗa, da wanne zan ci abinci?”

Shekarun ƙarshe Baba ya kwanta. Inna ta ce bayanta ba ya barinta ta ɗaga shi, ban kuma yi mata musu ba. Kunyar surukuta ta kau, ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu, ni ke wanke abin da ya ɓata. Bakinsa bai mutu ba. In kunu ya yi zafi ya tofar a hannuna ya ce, “Makarantar taku ba a koya muku busawa?”

Ana sauran 'yan kwanaki ya cika, bayan azahar, ruwa na zuba a kan kwano, ina goge masa baki, ya kama wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

“Akwai kowa?”

“Ba kowa, Baba.”

Ya jawo ni kusa. Sannan ya ce, “Ya faɗa miki?”

“Ya faɗa.”

“Tun yaushe?”

“Tun yana tsare.”

“Kuma kika yi ta ba ni abinci?”

“Na yi.”

Na jira. Na ce a raina yanzu zai ce a kira maigidana, ko a kira liman, ko a kira ɗana. Wayata na ɗaure a bakin zanena, kira ɗaya ne. Ya saki hannuna ya juya fuska ga bango.

“To ki riƙe bakinki har a rufe ni,” in ji shi. “Ƙaro kunun.”

Bayan an rufe shi na kira maigidana. Yana can kudancin Benin da kaya, bai iso ba sai ranar sadakar bakwai. Ya shigo garin da ya bari da baƙin gashi, kansa fari fat. Ya yi sallama a zaure. Wasu suka amsa, wasu suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Inna ta fito har tsakar gida, ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Ɗana ya gaishe shi a tsaye, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya.

Baffa ya ce, “Tashi mu je maƙabarta. Ka makara, amma Allah mai rahama ne. Ka roƙi ubanka gafarar abin da ka ja masa.” Dattawa suka ce haka ya dace. Suka tafi da shi. Wani ɗalibina na da, wanda ya bi su, ya faɗa mini cewa maigidana ya durƙusa a kan ƙasar da ba ta gama bushewa ba ya ce da ƙarfi, kowa na ji, “Baba, ka yafe mini.” Baffa ya ce alhamdu lillahi, aka shafa fatiha.

Da na ji haka na kira ɗana ɗakina. Rantsuwata ta ƙare. Na faɗa masa komai, daga kofin shayi har zuwa “ƙaro kunun.” Ya saurara har na gama, idonsa ya yi ja.

“Sai da kika bari ya mutu,” in ji shi, “ba ya iya kare kansa.”

“Akwai shaida. Taho.”

Muka je ɗakin mai faci. Yana zaune bakin ƙofa, kwanon gidanmu a gabansa, wanda ɗana da kansa ya kawo da safe. Na ce, “Faɗa masa abin da ka faɗa mini.” Ya dube ni, ya dubi yaron, ya dubi kwanon.

“Kakanka mutumin kirki ne,” in ji shi. “Ni ranar ban ga komai ba sai hayaƙi.”

Ɗana ya juya ya tafi. Na tsaya ina kallon tsohon. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Malama, ni baƙo ne. A garin nan za a binne ni.”

Maigidana ya ce ba zai kwana ba. Na ce mai hanin ya tafi. Ya ce bakin uba ba ya mutuwa da uba. Na raka shi Illo da yamma. A tasha, yana jiran mota ta cika, na kasa daurewa.

“Mi ya sa ka roƙe shi gafara? A gaban mutane? Kai za ka roƙe shi?”

Ya juya yana kallon masu ɗaure jarkoki a bayan babura.

“Na ga kumfar,” in ji shi. “Shi bai gani ba, ni na gani. Mari ɗaya aka yi mini na kwashe kaya. Da na tsaya na karɓi na biyu, da na uku, da matar nan ta koma rugarsu da ƙwaryarta. Da ba a kai ga ya yi ƙarya ba.” Ya ɗauki jakarsa. “Ki bar yaron. Ya fi sauƙi ya rasa ni, ya saba.”

Motar ta cika, ya shiga. Na dawo Bagudo ana kiran magariba, na tarar ɗana ya share kujerar Baba ya mayar da ita zaure, inda take da.

Allah ya jiƙan Baba, ya sassauta masa tambaya, ya haskaka masa kabarinsa. Ina yi masa wannan addu'a bayan kowace salla, don maigidana, mai hakkin, ya ce in yi. Allah ya jiƙan Bafulatanar nan mai nono, wadda a kwana bakwai na zaman makoki ban ji bakin da ya ambace ta ba.